Mai Gaskiya Ma Yakan Yi Kuskure

(Jawabin da aka gabatar a zaman ƙungiya a nan Sabo, Badun. Mun buga shi kamar yadda aka faɗe shi, sai ɗan gyaran da ba a rasa ba.)



Mai girma shugaban taro, ranka ya daɗe Sarkin Hausawa da 'yan majalisarka, Allah gafarta malamanmu da limamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin kasuwa da na kara, da ku matasa da kuka cika bayan rumfa, muna yi wa kowa barka da zuwa, muna kuma godiya da aka ga dacewar a ba mu wannan dama.

Abin da aka ɗora mana mu yi magana a kansa, in aka ji shi daga sama, kamar zancen 'yan boko ne, wato yadda tunanin ɗan Adam da ƙwaƙwalwarsa suke yaudararsa ba tare da ya sani ba. To amma in kun yi haƙuri da mu za ku ga zancen kara ne, zancen Shasha ne, zancen zauren Sarki ne ran da aka kawo ƙarar bashi. Duk lokacin da rigima ta tashi, ko tsakaninmu ko tsakaninmu da masu masaukinmu, abin da muke fara nema shi ne maƙaryaci. Wa ya ƙirƙiro zancen? Wa ya yi shaidar zur? Alhali kuwa maƙaryaci ba shi ne babbar damuwarmu ba, don shi raminsa ƙurarre ne, kuma galibi an san shi a unguwa. Wanda ya fi shi haɗari shi ne mutumin kirki, mai salla a sahun gaba, wanda bai taɓa cin kwabon kowa ba, ya tashi ya rantse cewa da idonsa ya gani, kuma har cikin zuciyarsa haka ya yarda, amma abin ba haka ya faru ba. Shi wannan ba mai ƙaryata shi, don haka maganarsa takan yi tafiya mai nisa.

Mu Hausawa mukan ce gani ya kori ji. Haka ne. Sai dai ba mu cika tambayar abin da ke samun ganin ba bayan ya kwana biyu a cikin kai. Da yawanmu mun ɗauka ƙwaƙwalwa kamar kaset ce, abin da ta naɗa yana nan, ko yaushe aka kunna shi zai fito. Masu binciken halayyar ɗan Adam sun daɗe da gano cewa ba haka take aiki ba. Ta fi kama da ginin ƙasa, wanda kowace damina sai an yi masa yaɓe, kuma ƙasar yaɓen ba lallai ba ne ta zama daga ramin da aka haƙa ta farko. Duk sanda mutum ya tuno abu, sake haɗa shi yake yi, yana cike gurbin da ya zube da abin da ya ji a bakin mutane, ko abin da yake tsammani, ko ma irin tambayar da aka yi masa.

Ga misali. A 1974 wata malamar jami'a a Amurka, Elizabeth Loftus, ita da abokin aikinta John Palmer, suka nuna wa ɗalibai fim na haɗarin mota, sannan suka tambaye su irin gudun da motocin ke yi. Tambaya ɗaya ce, kalma guda kawai aka canja. Waɗansu aka ce musu, gudun nawa suke yi lokacin da suka taɓa juna? Waɗansu kuma aka ce, lokacin da suka ragargaji juna? Na farko suka kimanta ƙasa da mil 32 a awa, na biyu suka haura mil 40. Fim ɗaya fa suka kalla. Abin bai tsaya nan ba. A gwaji na biyu, bayan mako guda aka sake kiran ɗaliban aka ce, shin kun ga fasasshen gilashi a wurin? A fim ɗin babu gilashin da ya fashe. Cikin mutum 50 da aka yi wa tambaya da kalmar ragargaza, 16 suka ce sun gani. Cikin 50 da aka yi wa tambaya da kalma mai sauƙi, 7 ne kacal suka ce haka. Wato mai tambaya ne ya zuba musu gilashin a kai, su kuwa suka ɗauka idonsu ne ya gano musu.

Jama'a, ku auna wannan da yadda muke yi wa yaro tambaya in ya shigo gida da gudu yana haki. Ba ma cewa, me ya faru? Cewa muke yi, su wa suka tare ku, da adduna suka zo ko da bindiga? Yaro bai ce an tare shi ba tukuna, mun riga mun ba shi maharan, mun ba su makamai, abin da ya rage masa shi ne ya zaɓa. Kafin magariba shi kansa ba zai iya rarrabe abin da ya gani da abin da muka sa masa a baki ba.

Wani zai ce, to ai wannan fim ne, ƙaramin abu ne, amma babban tashin hankali ba ya gogewa a zuciya. Wannan ma an gwada shi. Ran 28 ga Janairu 1986 kumbon Amurka mai suna Challenger ya tarwatse a sama jim kaɗan bayan tashinsa, mutum bakwai da ke ciki suka halaka, ƙasar duka ta girgiza. Washegari wani malami, Ulric Neisser, ya sa ɗalibansa suka rubuta inda suke lokacin da labarin ya riske su, da wanda ya gaya musu, da abin da suke yi. Ya adana takardun. Bayan shekara biyu da rabi aka nemo 44 daga cikinsu aka maimaita musu tambayoyin. Kashi ɗaya cikin huɗu, duk abin da suka faɗa ya saɓa da abin da suka rubuta da hannunsu. Abin mamakin shi ne yadda suke da tabbaci. Da aka nuna musu takardunsu, akwai waɗanda suka yarda rubutunsu ne amma suka tsaya a kan sabon labarin. Ke nan ƙarfin rantsuwar mutum da jan idonsa ba su ne ma'aunin daidai ba. Mutum yana iya sakankancewa ɗari bisa ɗari, ya kuma kuskure ɗari bisa ɗari.

Wanda ya fi taɓa zuciya shi ne labarin Ronald Cotton. A 1984, a jihar Karolina ta Arewa, wani ya fasa ɗakin wata ɗaliba, Jennifer Thompson, ya yi mata fyaɗe. Duk da halin da take ciki ta daure ta ƙare wa fuskarsa kallo don ta gane shi daga baya. Ta nuna Cotton a hoto, ta nuna shi a layi, ta nuna shi a gaban alƙali ba tare da kokwanto ba. Aka ɗaure shi. Sai a 1995, bayan ya shafe fiye da shekara goma a kurkuku, gwajin ƙwayar halitta ya tabbatar ba shi ba ne, wani ne dabam. Matar nan ba ƙarya ta yi ba, ita aka zalunta, kuma iyakar ƙoƙarinta ta yi. Ita Baturiya ce, shi baƙar fata. Bincike da yawa ya nuna mutum ya fi iya rarrabe fuskokin mutanen da ya tashi a cikinsu fiye da na waɗansu. Shi ya sa za ku ji maƙwabcinmu ya ce Hausawa duk kamarsu ɗaya, har ma da Bafulatani da Babarbare da Bazabarme da Buzu duk Hausawa ne a wurinsa. A cikinmu ma ana faɗin haka game da su. To in dare ya yi, aka yi sata, aka ce wani mai doguwar riga ne, wa kuke ganin za a kama?

Allah gafarta malamai, a nan sai mu sunkuya, don fagenku muka shigo. Wannan abin da Turawa suka auna da agogo da takarda a ƙarni na 20, malaman hadisi sun yi aiki da shi tun fiye da shekara dubu. Ba su wadatu da a ce mai ruwaya adali ne ba, wato mai gaskiya da tsoron Allah. Sai sun ƙara masa sharaɗi na biyu, wanda suke kira dabɗi, wato ya zama mai kiyaye abin da ya ji, ko a ka ko a rubuce. Sun raba sharuɗɗan nan biyu ne domin sun san ana samun na farko ba tare da na biyu ba. Sukan ce wane salihi ne amma haddarsa ba ta da ƙarfi, ko su ce wane ya rikice a ƙarshen rayuwarsa, a karɓi abin da aka ji daga gare shi da fari, a dakata a kan na baya. Ga Abdullahi ɗan Lahi'a, alƙalin Masar, babban malami. An ruwaito littattafansa sun ƙone wajen shekara ta 170 bayan Hijira, daga nan malamai da yawa suka riƙa bambanta waɗanda suka ɗauka daga gare shi tun da wuri da waɗanda suka zo daga baya. Ba wanda ya ce da shi maƙaryaci, ba a kuma ɗauki wannan bincike a matsayin cin mutunci ba. Mu kuwa yau in ka ce da dattijo, Baba, ko dai ka manta ne, sai ya ce ka ƙaryata shi, shi ke nan an ɓata har jikoki.

Haka kuma aya ta 6 a Suratul Hujurati, wadda ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane. Malaman tafsiri da yawa sun kawo cewa dalilin saukarta shi ne wani da aka aika karɓar zakka wurin Banu Musɗaliƙ, akwai kuwa tsohuwar gaba tsakaninsa da su tun zamanin jahiliyya. Da ya hango sun fito tararsa sai tsoro ya kama shi, ya juya, ya kai rahoton cewa sun hana zakka. Mutanen kuwa maraba suka fito yi. Ku lura, taron da ya gani gaskiya ne. Fassarar taron ce tsohon tsoro ya yi masa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu.

To yanzu mu zo kan ɓangaranci, don shi ne gishirin da ke cikin kowace rigima tamu. A 1951 aka yi wani wasan ƙwallo mai zafi tsakanin manyan makarantu biyu na Amurka, Princeton da Dartmouth, har aka karya wa wani hanci, wani ƙafa. Daga baya malamai biyu suka nuna wa ɗaliban kowace makaranta fim ɗin wasan, suka ce kowa ya ƙirga laifuffukan da ya gani. 'Yan Princeton suka ƙirga wa Dartmouth laifi fiye da ninki biyu na abin da 'yan Dartmouth suka ƙirga wa kansu. Duk wanda ya taɓa zama a filin wasa ran da Shooting Stars ta karɓi Kano Pillars ba ya bukatar a yi masa dogon bayani. Ba wai mutum yana gani ya ɓoye ba ne. Tun a ido ake tace abin, na wani ya fito ƙato, naka ya shige ba a lura ba. Laifi tudu ne, in ji magabata.

Ibn Khaldun, mutumin Tunis, ya rubuta Muƙaddimarsa a 1377, kuma da ya zo lissafa abubuwan da ke shigar da ƙarya cikin labarai, abin da ya sa a gaba shi ne goyon bayan ra'ayi ko ƙungiya. Bayaninsa shi ne, zuciyar da ta riga ta karkata, in labarin da ya dace da son ranta ya zo, nan take take karɓa ba bincike. Maganin da ya bayar kuwa kowane ɗan kasuwa zai gane shi: kafin ka tambayi wanda ya faɗa, auna labarin da yadda duniya take, shin zai ma yiwu? Ya yi misali da masu tarihi irin su Mas'udi da suka ce mayaƙan Bani Isra'ila a zamanin Annabi Musa, alaihis salam, sun kai 600,000. Ya ce a duba faɗin ƙasar, a duba kakanni nawa ne tsakanin Annabi Yaƙub da Annabi Musa, a ga ko lissafin zai fita. Wannan awo muna iya yin sa a tsaye. In aka ce an kashe mana mutum ɗari biyar a layi kaza, mu da muka san layin, mutum nawa ke kwana a cikinsa? Gawa ɗari biyar mota nawa za ta ɗauka? Wane limami ya sallace su?

Akwai wani gwaji da muke roƙon ku ba shi kunne sosai, domin kamar don mu aka yi shi. A 1976 David Hamilton da Robert Gifford suka karanta wa mutane jimloli 39, kowace tana faɗin abin da wani mutum ya aikata, mai kyau ko mummuna. Mutanen ƙungiya biyu ne, ba a ba su sunan ƙabila ko addini ba, an dai ce ƙungiya ta ɗaya da ta biyu. Ta ɗaya tana da mutum 26, a ciki 18 sun yi abin kirki, 8 sun yi na banza. Ta biyu tana da mutum 13, a ciki 9 na kirki, 4 na banza. In kun yi lissafi za ku ga daidai wa daida ne, ƙaramar rabin babbar ce ta kowane gefe. Amma da aka tambayi masu sauraro daga baya, sai suka jibga wa ƙaramar ƙungiya laifi fiye da nata, suka kuma fi ganin baƙinta. Bayanin da masu gwajin suka bayar shi ne, baƙon abu ya fi kama zuciya. Mutumin ƙaramar ƙungiya ba a cika jin sa ba, mummunan aiki ma ba a cika jin sa ba, to in biyun suka haɗu sai su manne a ƙwaƙwalwa.

Mu ne ƙaramar ƙungiyar a garin nan. An kafa Sabo tun 1916, kakanninmu sun yi fataucin goro da shanu a nan fiye da shekara ɗari, har wani Bature mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna ya rubuta littafi guda a kan unguwar nan, aka buga a 1969. Duk da haka in ɗan gari ya yi sata, sunansa ɓarawo. In namu ya yi, sunansa Bahaushe. Mai ruwa dubu sun kai ruwa gidaje lafiya ba wanda ya ƙirga, maigadi dubu sun kwana a ƙofa ba a ƙirga ba, guda ɗaya da ya ci amana shi za a riƙa tunawa shekara goma. Sanin wannan ba zai hana abin ciwo ba, amma yana nuna mana cewa ba kowane mai faɗin haka ne maƙiyi ba, sau da yawa ƙwaƙwalwa ce ta yi masa mugun lissafi, kuma irin wannan mutum ana iya zama da shi a gyara lissafin. Sannan wuƙar nan kaifi biyu gare ta. A Sabon Garin Kano su ne 'yan kaɗan, 'yan'uwanmu ne masu yawa. A nan ma, wanda ɗan tasha ɗaya ya zaga da safe yakan dawo ya ce Yarbawa ba sa ƙaunarmu, ya manta da mai gidan hayar da ta yi masa haƙurin wata uku.

Yanzu ku haɗa duk waɗannan, ku ɗora su a kan ji-ta-ji-ta. Gordon Allport da Leo Postman na jami'ar Harvard sun buga bincikensu a kan haka a 1947. Sukan nuna wa mutum ɗaya hoto, ya bayyana wa na biyu wanda bai gani ba, na biyu ya gaya wa na uku, haka har mutum shida ko bakwai. Suka ga kafin labari ya wuce baki biyar ko shida, wajen kashi 70 cikin ɗari na bayanansa sun zube, ɗan abin da ya rage kuma an ƙara masa kaifi. Ɗaya daga cikin hotunan na cikin jirgin ƙasa ne, Bature da baƙar fata suna magana, aska a hannun Baturen. A fiye da rabin gwajin, kafin a kai ƙarshe askar ta koma hannun baƙar fatar. Ba wanda ya yi niyyar mayar da ita. Ta tafi ne inda mutane suka saba tsammanin ganinta.

Ba mu kawo wannan don mu ce abin da ya same mu mafarki ne ba. Wallahi ba mafarki ba ne. A watan Yuli 1999 an zubar da jini a Shagamu a kan batun bikin Oro, bayan 'yan kwanaki kuma aka yi ramuwa a Kano a kan mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. An yi Idi-Araba a Ikko a 2002, an yi Ile-Ife a 2017. Ta Shasha kuwa, a watan Fabrairu 2021, a gabanmu aka yi. Yadda jaridu suka kawo, cacar baki ce a kan tumatir da ya zube a ƙofar shago, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani, aka buge shi, ya rasu. Daga nan aka rasa rayuka, shaguna da gidaje suka ƙone, gwamnati ta rufe kasuwa, har gwamnoni suka taso daga Arewa. Waɗanda suka rasa 'yan'uwa da dukiya suna zaune a cikinmu, Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya mayar wa masu hasara da alheri. Abin da muke so a duba shi ne tazarar da ke tsakanin mutum biyun farko da dubban da suka ɗauki makami. Cikin dubban nan, ta kowane ɓangare, nawa ne suka ga farkon abin? Sauran duk an ce ne ya fito da su, kuma askar tana canja hannu a kowane baki.

Wayar hannu ta ƙara wa abin gudu, ta kuma zo da wata yaudarar. Saƙo ɗaya zai shigo maka ta WhatsApp daga ƙaninka a Zariya, da abokin cinikinka a Agege, da surukinka a Maraɗi, sai ka ce ai mutum uku sun tabbatar, alhali duk daga waya ɗaya ya fito. Maimaici kawai yakan sa zance ya yi kama da gaskiya. Malaman hadisi ba sa ƙirga hanyoyi goma a matsayin goma in duk sun koma kan mutum guda. Kun tuna daren gishiri a watan Agusta 2014, lokacin cutar Ebola, da aka tashi mutane da tsakar dare a ce a yi wanka da ruwan gishiri a kuma sha? Uwa ce ta kira ɗa, wa ya kira ƙane, duk don ƙauna. Mutane da dama suka kwana a asibiti, jaridu suka ba da labarin waɗanda suka rasa rai. Waɗanda suka yi wankan kuma ba su kamu ba suka ce gishirin ne ya tsare su, ba su tambayi miliyoyin da ba su yi ba, su ma ba su kamu ba.

Kada wani ya fita daga nan ya ce an hana gudu. In ka ji ihu, kwashe iyalinka ka kai su inda yake da aminci, bincike ya biyo baya, don in ƙarya ce hasararka ba ta wuce ta takalmi ba. Abu biyu ne ba a yin su sai da tabbaci: ɗaga hannu a kan wani, da tura labari gida. Na biyun ma ya fi ban tsoro, domin mu ne idon Arewa a Kurmi. Abin da muka faɗa a waya cikin minti ɗaya, a can ba mai iya zuwa ya duba, kuma akwai baƙi a can da za su biya kuɗinsa, daga nan kuma a juyo kanmu.

Kafin mu zauna, bari mu taɓa aljihu kaɗan, don rabin ƙarar da ke zuwa gaban Sarki ta bashi ce. Cinikinmu na shanu da goro tun asali a kan amana aka gina shi, da baki ake ƙullawa, maigida ya tsaya wa baƙonsa, dillali ya tsaya wa mahauci, kuma abin alfahari ne. Amma a 1979 waɗansu masu bincike a Kanada, Ross da Sicoly, sun tambayi ma'aurata, kowa shi kaɗai, kashi nawa na ayyukan gida yake yi. Da aka haɗa amsar miji da ta mata, galibi sai ta haura ɗari bisa ɗari. (Iyayenmu mata na dariya, sun san wanda ya ƙara nasa.) Dalilin kuwa kowa ya fi tuna wahalar da ya sha da hannunsa. Haka abin yake ga abokan ciniki. Mai ba da bashi yana tuna ranar da ya bayar, mai biya yana tuna ranar da ya biya. Bayan wata takwas ɗaya ya ce huhu goma sha biyu ne, ɗaya ya ce goma, kowa ya ɗauko Alƙur'ani zai dafa, mu kuma a zauna ana neman wanda ya ci amana, alhali mai yiwuwa ba ko ɗaya. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka, kuma mutanen da aka fara yi wa umarnin sun fi mu gaskiya nesa ba kusa ba. Don haka wanda ya ce a rubuta bai zargi kowa ba.

Ranka ya daɗe, ga abin da muke roƙon majalisa ta duba. A samu littafi guda a ofishin ƙungiya, duk abin da ya faru tsakanin namu da ɗan gari a rubuta shi a ranar, kafin a kwana, da boko ko da ajami, a sa sunan wanda ya faɗa, a kuma rubuta ko gani ya yi ko ji. In shaidu sun fi ɗaya kada a tara su wuri guda, don na biyu yakan ɗauki na farko ya ɗora. A ji kowa shi kaɗai, mai tambaya kuma ya tsaya a kan me ka gani, sai me ya faru, kada ya ambaci makami ko ƙabila sai shaida ya ambata da kansa. Muna kuma ganin ya kamata a ware mutum biyu ko uku masu sanyin rai da jin Yarbanci, waɗanda ke da lambar shugabannin kasuwa na ɓangaren masu masauki da ta 'yan sanda, ya zama daga bakinsu ne kaɗai labarin rigima zai tafi gida da sunan ƙungiya. Batun rubuta bashi kuwa, shugabannin kara da na 'yan goro sun fi mu sanin yadda za a shigar da shi ba tare da baƙo ya ga kamar an raina amanarsa ba, sai mu bar musu. Iyayenmu mata masu adashi da yawansu sun riga mu, suna da littafinsu tuntuni, ana iya tambayarsu yadda suke yi.

Shugaba, mun ga ana duba agogo, la'asar ta gabato. In akwai tambaya ko gyara, musamman daga malamai a kan abin da muka taɓo na hadisi da tafsiri, muna nan zaune har a tashi.